Yadda Ake Yaƙin Neman Zaɓen Gwamna Da Gangunan Guba

Ɗan'uwa, idan a ofishin yaƙin neman zaɓe kake aiki, kuma aka yi sa'a jiharku tana da sharar masana'anta mai guba, to ka gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, sunan ubangidanka ba zai sauka daga bakin mutane ba har ranar zaɓe. Ba a littafi na karanto ba. Ni ne na yi wata bakwai ina magana da yawun Gwamna, sannan na yi wata biyu ina magana da yawun abokin hamayyarsa, Barista, kuma duk a kan ganguna ɗari uku ɗin nan dai. Babu wanda ya kai ni sanin gubar nan, in ka cire waɗanda suka sha ta.

Mataki na ɗaya: Ka nemo gubarka

Kada ka wahalar da kanka da maganar makarantu da asibitoci, kowa ya ji ta har ya gaji. Guba ce ke tara jama'a. Tamu wani kamfanin maganin ƙwari ne ya tattara nasa ya nasa ya gudu ya bar ta: gangunan roba shuɗaye, kowacce da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikinta, jibge a wani tsohon sito mai rufin kwano a ƙarshen unguwa. Shekara shida suna nan babu wanda ya ce musu ci kanku.

Ka je ka gani da idonka sau ɗaya, amma daga bakin ƙofa. Ni da na je na tarar da tsohon mai gadi a kan benci.

"Baba, mene ne a cikin gangunan nan?"

"Ni dai ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma tunda na kama aiki ban taɓa ganin ɓera a sitan nan ba. Ko tsuntsu ba ya sauka a kan kwanon."

Ya buɗe min tafukan hannunsa, duk fatar ta saɓule. Na ce masa ya rage wanki da omo. Ka lura da kyau: ƙwararre ba ya tambayar abin da ke cikin ganga sau biyu, domin abin da ka sani shi zai hana ka sakin baki.

In da hali, a ce kana da wani naka a kusa da wurin, zai yi maka rana. Ni mahaifiyata, Inna, gidanta yana layi na uku daga sito. Famfon layinsu sau biyu yake zuwa a mako, sai ta tara ruwan sha a bokitai da tukwane da robar wanki. Shekara uku tana min mitar in sayo mata gangar ajiye ruwa mai murfi, ni kuma ina ce mata sai an gama zaɓe. Ka riƙe maganar Inna da ruwan shanta a ranka, don ni ban riƙe ba.

Mataki na biyu: In kana gefen mai mulki, babu wata guba

Barista ne ya fara tono zancen a wajen gangami. Ya ce Gwamna ya ajiye wa talakawa ajali a bayan gida. Washegari aka tura ni gidan rediyo.

Ga ƙa'idar. Kalmar guba kada ta fito daga bakinka. Ka ce ragowar kayan aiki. In mai gabatarwa ya matsa, ka ɗaga murya. In ya ƙara matsawa, ka yi dariya irin ta manya. In duk wannan bai yi ba, ka jawo mahaifiyarka.

Mai gabatarwa ya ce da ni, "To in ba su da illa, me ya sa aka zana musu ƙoƙon kai?"

Na ce, "Wannan ai adon kamfani ne, don ɓarayi. Bari in gaya wa masu sauraro, gangunan nan in aka wanke ɗaya, ni da kaina zan cika ta da ruwa in kai wa mahaifiyata ta sha. Tana nan a layi na uku, kowa ya san ta. Akwai ɗan da zai cuci uwarsa?"

Mai gabatarwa ya sauya zance, ni ma na ji a jikina na yi bajinta. Ban fita daga harabar gidan rediyon ba sai ga kiran Inna.

"Na ji ka ambace ni a rediyo," in ji ta cike da murna. "Duk matan layin nan sun shigo yi min barka. Allah ya yi maka albarka."

Ka ga riba biyu ke nan: ka rufe bakin ɗan jarida, ka kuma sha albarka.

Mataki na uku: Ka kafa kwamiti, ka tanadi teburi mai gurguwar ƙafa

Kwamiti wajibi ne, sai dai ka yi hattara da wanda za a sa a ciki. Mu kuskure muka yi muka sa wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje don a ce akwai masani. A ofis Malama Ba-Wasa muke ce mata. Matar nan ta ɗauki abin da gaske. Ta je sito, ta ɗebo ruwan gangunan a kwalabe, bayan mako biyu ta shigo ofishina da rahoto.

"Yallaɓai, ko ba za a karanta komai ba, a karanta shafi na huɗu. Robar ta riga ta sha maganin. Ko sau ɗari aka wanke ta, duk ruwan da ya kwana a ciki ya gurɓace. Ba ya kisa nan take, a hankali yake cin hanta da ƙoda."

"Madalla, Malama. Aiki ya yi kyau."

"Na ji abin da ka faɗa a rediyo. Ya kamata ka janye shi."

"Za a duba."

Za a duba ita ce magana mafi amfani a aikin nan, ka haddace ta. Tana fita na naɗe rahoton gida biyu na cusa ƙarƙashin ƙafar teburina da ta daɗe tana girgiɗi. Teburin bai sake motsi ba, don haka kada wani ya ce maka rahoton masana ba ya gyara komai.

Mataki na huɗu: Ka san lokacin sauya sheƙa

Wata safiya na zo ofis na tarar da surukin Gwamna a kan kujerata, ƙafarsa a kan teburina, yana shan shayi a kofina. In haka ta same ka, kada ka tsaya jayayya. Kafin la'asar ina ofishin Barista, na canza hula, ina rantsuwa cewa tun asali zuciyata tana wajensa.

Yanzu gangunan sun zama guba. Na koma gidan rediyon nan, kujerar nan, gaban mai gabatarwan nan, na ce abin da ke sito zai iya shafe unguwa guda. Ya tuna min abin da na faɗa a baya. Na ce a lokacin ban samu cikakken bayani ba. Wannan ma ka haddace ta.

Inna dai ba ta biyo ni ba.

"Ni ba na tsalle-tsalle irin naka," ta ce. "Inda ka ajiye ni ina nan. Wancan karon daga zuciyarka ka yi magana, har da sunana. Wannan kuwa haushin kujera ne."

Na yi dariya na ce tsofaffi ke nan, na wuce taro.

Mataki na biyar: Ka nemi a kwashe, amma kada ka bari a kwashe

Nan ne sababbin shiga suke yin ɓarna. Su a zatonsu so ake a kawar da gangunan. In aka kawar da su, da me za ka hau mumbari?

Barista ya ziyarci sito da takunkumi biyu a fuska da safar hannu har gwiwar hannu, ya tsaya daga nesa ya nuna da yatsa, aka ɗauki hoto. Kwana biyu bayan nan Gwamna ya je babu takunkumi, ya daki wata ganga da tafin hannu yana murmushi, aka ɗauki hoto. Direbansa ya ba ni labari daga baya cewa har suka isa gida yana wanke hannun da ruwan kwalba ta tagar mota.

Sai alkawura. Gwamna ya ce zai mayar da gangunan wani fili da ya dace, wanda da aka duba taswira aka ga a tsakiyar mazaɓar Barista yake. Barista ya ce ranar da aka rantsar da shi zai sa a jere su a ƙofar gidan gonar Gwamna. Magoya baya suka yi ta tafi. A duk tsawon wannan lokaci ganga ko ɗaya ba ta gusa daga inda take ba, kuma haka ake so.

Mataki na shida: Ka ba guba fuska

Saura kwana tara zaɓe mutane suka fara gajiya da zancen. Sai dabara ta faɗo min, kuma har yau ina ganin a fagen dabara ba ta da aibu. Shuɗiyar ganga a hoto ba ta nuna ta wace ce. To a shafe ta da koren fenti, kalar jam'iyyar Gwamna, a manna mata fastar fuskarsa, a jere a bakin titi, Barista ya zo da 'yan jarida ya tsaya a gabansu ya ce ga gubar Gwamna.

Kada ka yi irin wannan aiki a ɓoye, ɓoyo ke jawo zargi. Ka yi shi da hantsi, ka sa wa leburori riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, babu wanda zai tambaye ka. Ranar mai gadi ya tafi asibiti a duba masa hannu, ƙofar kuwa waya ce kawai aka naɗa mata. Muka mirgino ganguna arba'in, waɗanda abin cikinsu bai kai rabi ba, don sun fi sauƙin turawa.

Mai fenti ya tsaya da burushi a hannu. "Oga, shi wannan ƙoƙon kan fa? In bar shi?"

"Shafe shi. A nan za mu manna fuskar Gwamna, ta fi shi ban tsoro."

Kafin azahar an gama. Suka yi kyau, ɗan'uwa, sai ka ce yanzu aka sauke su daga kanti. Ƙyallen da za a rataya musu, mai ɗauke da bayanin gubar, yana motar Barista, shi kuma ƙarfe biyu zai iso. Muka tafi taryo shi. Barista bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, sai ƙarfe huɗu da rabi muka iso da jerin motoci da masu kyamara.

Babu ganga ko ɗaya. Sai zagayen koren fenti arba'in a ƙasa, da kwata tana ta kumfa fari tana wani wari mai hawa kai.

Abin da na manta, ni da na yi shekaru a harkar nan, shi ne abin da kowace tsohuwa ta sani: a lokacin zaɓe, duk abin da aka ajiye a bakin titi da fuskar ɗan takara a jiki, rabo ne. Haka aka raba bokiti, haka aka raba tabarma da buta. Mutanen unguwar da famfo ke zuwa musu sau biyu a mako suka ga ganguna masu murfi da fuskar Gwamna. Suka tuntsurar da abin ciki a kwata, kowa ya mirgina tasa gida yana sa albarka.

Barista ya dubi zagayen fentin, ya dube ni, ya ɗaga gilashin motarsa.

Mataki na bakwai: In abu ya lalace, ka nemi wanda za ku yi shiru tare

Kada ka firgita, abokan hamayya za su cece ka. Surukin Gwamna, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ji ana ta godiya a unguwa, sai ya garzaya rediyo a yammacin nan ya ce wannan somin taɓi ne na sabon shirin Gwamna na ganga a kowane gida. Sai da gari ya waye wani ya raɗa masa daga inda gangunan suka fito.

To ka ga yadda lissafin ya tsaya. Gwamna ba zai ce guba ce ba, don ya ce ba guba ba ce, kuma ya karɓi godiya. Barista ba zai ce guba ce ba, don za a tambayi wanda ya yi fenti. Karo na farko tun da aka buga gangar siyasa, mutanen nan biyu bakinsu ya zo ɗaya. Aka koma zancen makarantu da asibitoci.

Malama Ba-Wasa ce kaɗai ta ƙi ganewa. Ta ari motar ɗaukar kaya ta wani ƙaninta, ta shiga bin gida gida tana roƙo. Cikin kwana huɗu ta karɓo talatin da ɗaya. Sannan ta kira ni.

"Saura tara, duk a layi na uku. Sun ce ba za su bayar ba, wai uwar wanda ya yi magana a rediyo ma a ciki take sha."

Mataki na takwas: Kada ka je gida

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa na san muhimmancinsa.

Na tarar da gangar a tsakar gidan Inna, a gindin bango kusa da madafa, koriya shar, Gwamna yana min murmushi. An ɗora mata kofin silba a kan murfi. Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana sosa bayan hannunta.

"Ka ga abin da ka kasa yi min shekara uku, wanda ka gudu ka bari ya yi min," ta ce. "Sau uku na wanke ta da omo da ruwan zafi."

"Inna, gangar nan daga sito take. Guba ce."

"Na san daga sito take. Ai kai ka ce in an wanke ba komai."

"Na dawo na ce akwai komai."

"Bayan an ƙwace maka kujera."

Na fita a guje na sayo sabuwar ganga fil daga kasuwa, na kawo mata a kan babur. Ta yi murna, ta ce wannan ta wanki ce, ta Gwamna kuma ta sha, don murfinta ya fi kamawa. Na kama koriyar zan mirgina waje. Tsohuwar nan da ke kukan ciwon gwiwa ta tashi ta haye kan murfin ta zauna daram.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na durƙusa a gabanta, ni da na saba durƙusa wa 'yan takara.

"Inna, don Allah. Ƙarya na yi a rediyo. A lokacin ban san abin da ke ciki ba, daga baya kuma na sani na yi shiru. Fentin ma ni na sa aka yi."

Ta ce, "Kai dai kana son ka kunyata mutumin nan kafin zaɓe. Na san kana ƙarya a wajen aikinka, duk layin nan an sani, muna dariya. Amma ɗan da na haifa ba zai sa sunana a cikin ƙarya ba. Ban yi maka wannan tarbiyyar ba."

"Na sa, Inna."

"To a gaban duniya ka faɗa. In gaskiya ne, ka koma gaban duniya ka janye, da bakinka, har da fentin. In na ji a rediyo na yarda. Maganar tsakar gida kowa ma zai iya yin ta."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin silban, ta sauko, ta buɗe murfi ta ɗebo. A gabana ta sha.

Mataki na tara: Yadda ake rasa iyayen gida biyu cikin minti shida

Saura kwana uku zaɓe. Ka je gidan rediyo ba tare da ka gaya wa kowa ba. Ka zauna a kujerar da ka saba. Kada ka ɗaga murya, kada ka yi dariya irin ta manya. Ka faɗi shafi na huɗu, ka faɗi inda rahoton yake, ƙarƙashin ƙafar teburin da surukin Gwamna ke ɗora ƙafa. Ka faɗi wanda ya sayi fenti. Ka faɗi sunan layin, ka ce wanda ke da koriyar ganga ya daina sha yanzu yanzu, ya je a duba jininsa. Daga ƙarshe ka ce ka sa mahaifiyarka a cikin ƙarya.

Mai gabatarwa, wanda ya daɗe yana jiran ranar nan, ko tambaya ɗaya bai yi min ba.

Kafin in sauko daga bene, ofishin Barista ya fitar da sanarwa cewa dama ni ɗan leƙen asirin Gwamna ne. Ofishin Gwamna ya fitar da tasa cewa dama sun kore ni ne saboda halina. Wannan shi ne karo na biyu da bakinsu ya zo ɗaya.

Da na isa layi na uku, ganguna tara suna jere a bakin titi, Malama Ba-Wasa da ƙaninta suna lodawa. Maƙwabciyar Inna ta ce min Inna da kanta ta mirgino tata, ta hana kowa ya kama mata, sannan ta bi sauran gidaje takwas tana buga ƙofa. Da na shiga gida Inna ba ta yi min faɗa ba. Na so a ce ta yi.

An yi zaɓe, ɗaya daga cikinsu ya ci. Ba sai na gaya maka wanne ba, don ragowar gangunan suna nan a sito, kuma an kafa kwamiti.

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin komai. Ba ruwansa da saɓulewar hannu, ko kumfar kwata, ko kajin da suka sha daga kwatar, ko sakamakon gwajin jinin mutanen gidaje arba'in, wanda asibiti suka ce a dawo a ƙara yi bayan wata uku, har da na wata tsohuwa a layi na uku. Wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, ko ya rasa hula biyu, shi ya jiyo. Alkawarin da na yi maka a farko dai na cika: sunan iyayen gidana bai sauka daga bakin mutane ba.

Haka kuma marubuci ba zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya a gidanku ba. Jiya na kai wa Inna ruwan kwalba katan guda, kowace kwalba a rufe da hatiminta. Ta amsa gaisuwata, ta zaro ɗaya, ta juya ta a hannu, ta ɗaga ta saitin rana. Sannan ta leƙa ta kan katanga ta kira maƙwabciyarta.

"Zo ki duba min wannan ko ana sha," ta ce. "Shi ya kawo."